Fitilar Freud: A Kan Wa Za Mu Haska Ta?

Ina roƙon Edita ya ba ni fili a shafinmu na Hausa in faɗi ra'ayina game da wata gardama wadda ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a ɗakunan kwananmu, tun daga ranar da aka shiga babin Sigmund Freud cikin darasin ilmin halin ɗan Adam. Furoyid a ke faɗin sunan, ko da ya ke rubutun bai nuna haka ba. 'Yan'uwana ɗalibai sun rabu kashi biyu a kansa. Kashi na ɗaya sun ce koyarwarsa batsa ce da rashin tsoron Allah, bai ma kamata a shigo da ita kwalejin da a ke horar da waɗanda za a danƙa wa amanar 'ya'yan mutane ba. Kashi na biyu kuwa sun haɗiye ta ɗungum ba tauna, har ta kai yanzu in ka mance da littafinka a ɗakin cin abinci sai wani ya dube ka, ya kaɗa kai, ya ce ya gano abin da ka ke ɓoyewa. Waɗannan na biyu su suka fi ba ni tsoro, gama ba da daɗewa ba za a ba kowannensu aji guda cike da yara.

Ni ra'ayina shi ne a koyi Freud, a tankaɗe shi sosai a zubar da dusa, garin da ya samu kuma malami ya gwada shi a kan kansa. Yaran makaranta a ƙyale su. Amma kafin in kawo dalilaina ya kamata mu tabbata mun san abin da mutumin ya faɗa, domin na lura da yawa cikin masu gardamar nan a bakin wani suka ji.

An haifi Freud a 1856 a wani ƙaramin gari wanda yanzu ya ke cikin ƙasar Cek. Iyayensa Yahudawa ne, suka ƙaura zuwa Biyana, babban birnin Ostiriya, yana ɗan shekara huɗu. Ya gama karatun likita a 1881, ya ƙware a kan ciwon jijiyoyi. A Biyana ya zauna har 1938, sa'ad da 'yan Nazi suka mamaye ƙasar, ya gudu Landan da tsufansa da ciwon daji a muƙamuƙi, a can ya rasu a 1939 yana da shekara 83.

Abin da ya fara ɗaure masa kai shi ne waɗansu marasa lafiya da a kan kawo, wannan hannunta ya shanye, wancan muryarsa ta ɗauke, a duba jiki sarai ba a sami wani lahani ba. Histiriya a ke kiran ciwon a zamanin, likitoci da dama kuma suna ɗaukarsa ƙarya ce kawai. A 1885 Freud ya tafi birnin Faris wurin wani babban likita, Charcot, wanda ya ke nazarin irin waɗannan mutane. A 1889 kuma ya je garin Nancy, a Faransa dai, wurin likita Bernheim. Waɗannan likitoci suna da dabarar sa mutum wani irin barci da magana kawai, barcin da mutum yana jin umurni yana kuma bi. Freud ya ba da labarin irin abin da ya gani. Likita ya shigo ɗakin marasa lafiya ya jingina laimarsa a lungu, ya sa wani mutum wannan barci, ya ce masa, in na fita na komo ka buɗe laimar nan ka riƙa mini a kai. Aka tashe shi, bai tuna kome ba. Da likita ya komo sai mutumin ya miƙe ya buɗe laima a tsakiyar ɗaki ya riƙa masa. Aka tambaye shi dalili, sai ya ce ai ya ga ana ruwa a waje ne, ya zaci likita zai so a buɗe masa kafin ya fita. Ku dubi wannan da kyau, 'yan'uwa. Umurni yana cikinsa, yana aiki, shi bai sani ba. Da aka nemi dalili kuma bai ce ban sani ba, sai nan take ya ɗinka wani, ya kuma gaskata shi. Duk koyarwar Freud a kan wannan ɗan abu ta tsaya, watau akwai tunani da buri cikin mutum masu tuƙa shi ba da saninsa ba.

Wani abokin aikinsa da ya girme shi, Josef Breuer, ya yi jiyyar wata budurwa 'yar shekara 21 daga 1880 zuwa 1882, wadda suka sakaya sunanta suka kira ta Anna O. Ciwo ya kama ta tana jiyyar ubanta. A cikin zafin bazara ta yi kamar mako shida ba ta iya shan ruwa, ga ƙishirwa, amma da ta kai kofi baki sai ta ture. Wata rana cikin barcin nan na umurni ta tuna ta taɓa ganin ɗan karen wata Baturiyar Ingila mai zama da ita yana lasar ruwa daga kofi, ta ji ƙyama ƙwarai amma ta haɗiye don ladabi. Da ta faɗi wannan, ta fitar da fushinta, sai ta nemi ruwa ta sha. Ita da bakinta ta raɗa wa aikin suna maganin magana. Breuer da Freud suka buga labarinta a 1895. Daga baya Freud ya bar sa mutane barci, ya koma ga wata dabara: marar lafiya ya kwanta bisa doguwar kujera, likita ya zauna ta bayansa, ya saki baki ya faɗi duk abin da ya faɗo masa a rai, kome kunyarsa, kome rashin kansa. A 1896 ya sa wa wannan hanya suna saiko'analisis. Mu sai mu ce tonon zuciya.

Wanda ya taɓa ƙetare Binuwai cikin kwalekwale ya san dorina. Kunnuwa da hanci kaɗai ka ke gani a bisa ruwa, amma mai jirgi abin da ke ƙasa ya ke kiyaya. Haka Freud ya ɗauki zuciyar mutum. Akwai abin da ka ke tunani yanzu-yanzu. Akwai kuma abin da ba ka tunaninsa amma in ka kira shi zai zo, kamar sunan kakarka ko hanyar gidanku. Sa'an nan akwai na can ƙurya, wanda ko ka kira ba ya amsawa, domin an danne shi da ƙarfi. Kada a haɗa wannan da riƙon asiri. In Bahaushe ya ce ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba, yana maganar abin da ka sani ka ɓoye wa mutane. Freud kuwa yana maganar abin da ka ɓoye wa kanka har ka mance ka ɓoye. A 1909, da aka gayyace shi Jami'ar Clark a Amurka, ya kwatanta dannewar nan da wani mai tsiwa da ya hana mutane sauraron lacca, sai ƙarti suka fitar da shi waje suka tokare ƙofa da kujeru. To, an fitar da shi, amma ba a rabu da shi ba, gama yana nan yana dukan ƙofa yana ihu, har damuwar ta fi ta dā. Ciwon marasa lafiyarsa, in ji shi, dukan ƙofar ke nan.

Ya ce mu masu lafiya ma mu kan ji dukan ƙofar nan ta hanya biyu. Ta ɗaya suɓul da baka da mantuwa. Cikin littafin da ya buga a 1901 ya kawo labarin shugaban majalisar dokoki ta Ostiriya, wanda ya tashi zai buɗe zama sai ya ce ya rufe zama, jama'a suka fashe da dariya. Freud ya ce mutumin ya san ba alherin da zai fito daga zaman, a ransa so ya ke a tashi. A wurinsa ruwa ba ya tsami banza. Hanya ta biyu mafarki. Mu da muka tashi da labarin Yusufu da mafarkin Fir'auna mun saba da cewa mafarki gaba ya ke dubawa. Freud ya juya shi baya. Cikin babban littafinsa na fassarar mafarki, mai ɗauke da shekarar 1900, ya ce kowane mafarki biyan wani buri ne. Na yara a fili ya ke. 'Yarsa Anna tana da wata 19 aka hana ta abinci yini guda saboda amai, da dare sai aka ji ta cikin barci tana kiran sunayen 'ya'yan itace da wainar ƙwai. Duk ɗan makarantar kwana ya san irin wannan mafarki. Na manya kuwa, in ji shi, burin ya kan sa rigar aro don mai gadin ƙofa ya bar shi ya wuce, shi ya sa mafarki ya kan fito a birkice. Kwafi 600 aka buga na littafin, aka yi shekara takwas kafin a sayar da su.

A 1923 ya sāke fasalin koyarwarsa, ya ce abu uku ke kokawa cikin mutum. Turawa sun san su da sunayen id, igo da sufa'igo, amma shi da Jamusanci kalmomin kasuwa ya yi amfani da su, watau Abin, da Ni, da Na-bisa-Ni. Abin shi ne ɗanyen rai wanda aka haife mu da shi, bai san haƙuri ba, bai san kunya ba, a ba shi yanzu kawai ya sani. Na-bisa-Ni shi ne muryar iyaye da malamai wadda yaro ya haɗiye har ta zama alƙali a cikinsa, kusa da abin da mu ke kira lamiri, sai dai Freud ya ce wannan alƙali ya kan yi zalunci, ya hukunta mutum a kan abin da bai ma aikata ba. Ni kuwa shi ne na tsakiya, mai duban duniya yadda ta ke, mai neman sulhu. Ya kwatanta shi da mahayi bisa dokin da ya fi ƙarfinsa, wanda sau da yawa don kada ya faɗi sai ya karkata linzami inda dokin da ma ya nufa, ya nuna kamar shi ya zaɓa. Abokanmu Musulmi sun ce malamansu sun daɗe suna bambanta rai mai umurni da mugunta da rai mai zargin kansa, mu ma kuwa mun karanta kokawar da Manzo Bulus ya bayyana cikin sura ta bakwai ta wasiƙarsa ga Romawa. Sabon abin da Freud ya kawo shi ne cewa yawancin kokawar nan a duhu a ke yinta, mai ita bai ji ko motsi ba.

To, yanzu ga 'yan kashi na ɗaya. Gaskiyarku, Freud bai ba da gaskiya ga Allah ba, har ya rubuta littafi a 1927 yana cewa addini buri ne kawai na ɗan Adam mai neman uba. Ban yarda da shi ba, kuma ban ga ya kawo shaidar da ta wuce zatonsa ba. Amma ku sani cikin aminansa akwai wani fasto na birnin Zurik a Suwizalan, Oskar Pfister, wanda suka yi shekara 30 suna musayar wasiƙa. Faston ya mayar masa da martani a rubuce a 1928, bai bar aikin ikilisiya ba, bai kuma bar amfani da abin da ya ga mai kyau ne cikin koyarwar wajen renon yara ba. In fasto ya iya haka, ban ga abin da zai hana ɗalibin malanta karanta babi guda ba. Mai gudun abin da bai sani ba, ranar da wani ya zo masa da shi a aji ko a taron malamai, ba shi da amsa.

Amma maganata mai nauyi ga 'yan kashi na biyu ta ke, domin dusar tana da yawa. Ku ɗauki zancen Edifus. Freud ya ari sunan wani sarki na tatsuniyar Girkawa wanda ya kashe ubansa ya auri uwarsa ba da sani ba, ya ce kowane yaro namiji tsakanin shekara uku da biyar ya kan so ya mallaki uwarsa, ya ɗauki ubansa kishiya. Babbar shaidarsa wani yaro ne ɗan shekara biyar da ya kira Hans, wanda ya buga labarinsa a 1909. Yaron yana tsoron dawaki har ba ya fita waje. Freud ya ce dokin ubansa ne a ɓoye. Amma ku ji yadda aka yi binciken. Uban yaron, wanda da ma mabiyin Freud ne, shi ya ke yi wa ɗan tambayoyi yana aika wa Freud da rahoto, Freud kuwa sau ɗaya tak ya ga yaron a lokacin jiyyar. Har wa yau yaron da bakinsa ya faɗi cewa ya ga dokin da ke jan babban keken fasinja ya faɗi a kan titi yana shure-shure, ya kuwa firgita. Duk wanda ya yi reno ya san wannan kaɗai ya isa ya sa yaro tsoron doki. Sa'an nan a 1927 Malinowski, wanda ya zauna cikin mutanen tsibiran Trobriand kusa da Niyu Gini, ya nuna cewa a can kawu, ɗan'uwan uwa, shi ke da iko bisa yaro, shi kuma yaro ya ke jin haushi, uba kuwa kamar aboki ya ke. Mu ma nan, yaro nawa ne cikin ajinmu suka tashi a hannun kaka ko gwaggo? Nawa ne 'ya'yan fari waɗanda uwa ba ta ko kiran sunansu saboda kunya? Ƙaramin gidan likita na Biyana, mai uba ɗaya da uwa ɗaya da ƙofa a rufe, ba shi ne mudun awon duniya duka ba.

Ita ma Anna O ɗin, labarin da aka buga a 1895 ya nuna ta warke. Amma a 1972 wani masanin tarihin likitanci, Henri Ellenberger, ya fito da takardun wani gidan jiyya na Suwizalan, suka nuna an kwantar da ita can a 1882, da Breuer ya gama nasa, tana nan da ciwo, ga kuma sabo da maganin kashe zafi. Sai bayan shekaru ta sami sauƙi. Bertha Pappenheim sunanta, ta zama shugabar mata masu taimakon marayu da 'yan mata a Jamus. Mafarki ma, sojojin da suka komo daga Yaƙin Duniya na Ɗaya suna ta maimaita mafarkin ramin yaƙi suna farkawa a firgice sun tilasta wa Freud kansa ya yi wa maganarsa kwaskwarima a 1920, gama ba wanda zai ce wannan biyan buri ne.

Babban aibin shi ne wanda Karl Popper ya nuna a 1963. Ya ce in mutum ya tura yaro cikin ruwa don ya nutse, koyarwar Freud tana da bayani. In wani ya faɗa ruwan ya ba da ransa don ceton yaron, nan ma tana da bayani. Ba abin da mutum zai yi ya ƙaryata ta. In ka yarda da fassarar likita, ya yi daidai. In ka ƙi, sai a ce turjiya ka ke yi, wannan ma shaida ce. Alƙalin da ba a ɗaukaka ƙara daga gabansa abin tsoro ne. An kuwa ga ɓarnar wannan a Amurka tsakanin 1980 da 2000, sa'ad da waɗansu masu jiyyar zuciya suka matsa wa mutane lamba su tono abubuwan da wai suka danne tun suna yara, har gidaje suka watse, aka kai iyaye kotu. A 1995 Elizabeth Loftus ta gwada mutum 24, ta ba kowa labari huɗu na ƙuruciyarsa, uku na gaskiya daga bakin danginsa, ɗaya kuwa ƙage, wai ya taɓa ɓata a babban kanti yana ƙarami. Mutum shida suka ce sun tuna da ɓatan da ba a yi ba. Waɗannan manya ne. Yaya ke nan in malami, wanda yaro ya ke gani kamar sarki, ya tsare ɗan aji uku da tambaya a kan abin da ke faruwa a gidansu? Duk abin da malam ya ke so ya ji, shi zai ji.

Me ya saura ke nan bayan tankaɗe? Labarin laima ya saura. Masu bincike da ba almajiran Freud ba ne sun tabbatar da shi ta hanyoyinsu. A 1911 Claparède na birnin Janiba, likita ne kuma masanin koyarwa, ya ba da labarin wata mace da ciwo ya lalata wa tunani, ba ta riƙe abin da ya faru ko na 'yan mintoci. Ya ɓoye allura a tafinsa ya miƙa mata hannu, ta soke ta. Da ya sāke miƙa hannu daga baya sai ta ƙi, alhali ba ta tuna abin da ya faru ba. A 1977 kuma Nisbett da Wilson a Amurka suka jera safar mata huɗu iri ɗaya sak, suka ce masu wucewa su zaɓi wadda ta fi kyau. Ta hannun dama ce aka fi ɗauka. Da aka tambaye su dalili, wannan ya ce laushi, wancan ya ce saƙa, da aka ce ko wurin da aka ajiye ta ne, suka musa. Masanan yau sun yarda yawancin aikin ƙwaƙwalwa a ɓoye a ke yinsa, ko da ya ke ba su ɗauke shi kurkukun sha'awa kamar yadda Freud ya ɗauka ba. Abin da ya tabbata shi ne mutum ya kan yi abu tukuna, ya nemo masa dalili mai kyau daga baya, ya kuma rantse da gaskiyarsa.

A nan ne maganar ta shafi mai riƙe da alli da tsumagiya. Anna Freud, 'yar nan mai mafarkin wainar ƙwai, malamar makarantar yara ce kafin ta bi sawun ubanta. A 1936 ta buga littafi a kan dabarun da Ni ya ke kāre kansa da su daga abin da ba ya so ya gani. Kakanninmu sun riga ta ganin waɗansu. Mu ɗauki malamin da hedimasta ya ci wa fuska da safe a gaban 'yan'uwansa, ga albashi bai zo ba. Bai iya tankawa ba. Ya shiga aji, wata yarinya ta yar da fensir, sai ya zane ta. Ka tambaye shi, zai ce tarbiyya ya ke yi, kuma wallahi har ransa haka ya ɗauka. An bar jaki ana dukan taiki, taikin nan kuwa 'yar mutane ce mai shekara takwas. Ko malamin da bai shirya darasi ba, ya shiga yana kame-kame, ya fito ya ce ajin nan duk malalata ne. Laifi tudu ne. Ko wanda aka yi wa dukan kawo wuƙa yana yaro, yanzu yana cewa ai dukan ne ya yi shi mutum, yana kuma biyan bashin a jikin waɗanda ba su ci masa kome ba.

Akwai wata wadda ta fi waɗannan laushi, ta kuma fi su yawa. Freud ya lura marasa lafiyarsa su kan ɗora masa ƙauna ko ƙiyayya wadda asalinta ta wani ce, yawanci ta uba ko uwa. A 1914, da tsohuwar makarantarsa ta cika shekara 50, ya rubuta 'yar maƙala ya ce haka su ma suka yi wa malamansu, sun sa musu rigar ubanninsu, suna sonsu suna kuma jin haushinsu. Lalle ya kamata malami ya san wannan, don in yaro ya tsane shi tun ranar farko kada ya ɗauka yaƙi ne, in kuma yarinya ta maƙale masa kada kansa ya kumbura, ya san rigar wani ce ya sa. Amma hanyar gaba da baya ce. Malami ma ya kan sa wa yaro riga. Me ya sa wannan yaro ko numfashi ya yi sai ya ba ka haushi? Ko don ya yi kama da ƙanenka da aka fifita a gida? Ko don shi ɗan wata ƙabila ce da ka ji ana zagi tun kana goye? Me ya sa waccan kullum ita ce ta kirki, ko ta yi kuskure ka ce mantuwa ce? Yara su kan gane wannan tun cikin makon farko. Labarin zuciya a tambayi fuska, su kuwa fuskarka su ke kallo daga safe har a tashi.

Freud kansa, cikin gabatarwar da ya rubuta a 1925 ga littafin August Aichhorn, wani malami mai kula da kangararrun yara a Ostiriya, ya lissafa koyarwa tare da mulki da warkarwa cikin ayyuka uku waɗanda ba mai iya cika su. Ya kuma faɗi abu biyu da 'yan kashi na biyu ba su kai ga karantawa ba. Ya ce aikin reno aiki ne mai zaman kansa, kada a haɗa shi da tonon zuciya ko a musanya shi da shi. Ya kuma ce mai reno da ya ke so ya amfana da wannan ilmi, zuciyarsa ya kamata a fara tonawa. Saboda haka duk ɗalibin da ya fita nan ya je yana rubuta cikin rahoton yaro wai yana da ciwon Edifus, ko yana fassara wa yara mafarki, to ya saɓa wa iyayen yara, ya saɓa wa ilmi, ya kuma saɓa wa Freud ɗin. Yaron da ba ya koyo, a fara duba ko ya ci abinci, ko yana ganin allo, ko yana jin harshen da a ke koyarwa da shi, ko tallar dare ce ta hana shi barci. In an ga alamar ciwon hankali na gaske, a kira iyaye a nuna musu hanyar asibiti, akwai masu wannan aiki.

Na san za a ce, to mu da ba mu da doguwar kujera da likitan Biyana, yaya za mu tona zuciyarmu, tun da an ce abin a ɓoye ya ke? Ido ba ya ganin ƙeya, gaskiya ne, amma rubutu yana gani. Ga shawarata ga malamanmu masu shirya koyarwar gwaji. A ba kowane ɗalibi ɗan littafi dabam da na shirin darasi. Duk sa'ad da ya hori yaro, ko da tsawa ce, ko ya yabi wani a gaban aji, da an tashi ya rubuta rana da lokaci, da wane yaro ne, da abin da ya yi. A gefe guda kuma ya rubuta abin da ya sami shi kansa a ranar kafin ya shiga aji, ko wasiƙa daga gida, ko faɗan mai dubawa, ko rashin barci. Kada a ba da maki a kan littafin nan, gama da an ce akwai maki sai kowa ya rubuta abin da zai faranta wa malam rai. A ƙarshen gwaji ɗalibi ya zauna da aboki ɗaya wanda ya amince da shi, su ƙirga tare: suna nawa ne suka yi ta komowa a shafin horo, nawa a shafin yabo, yara nawa ne kuma ba su fito ko sau ɗaya ba, kuma a waɗanne ranaku ne hannu ya fi sauri. Littafin rubutu mai shafi 40 ya isa, kuma ina roƙo a fara tun daga fitarmu mai zuwa.